Akwatin Pampo Yana Jiran Amsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Daga mahaifinka Alhaji, shugaban kwamitin ruwa na nan Gangara, dattijon da ba a katse masa magana, zuwa ga Magaji, wanda aikin pampo ya kai dajin Tenhiya.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ka sauka lafiya, ka tarar da mutanen kirki, cikinka kuma ya karɓi ruwan can da nonon raƙumi. Allah ya tsare ka daga kunama da zafin bazara da sharrin gaggawa, wadda ita ce ciwonka tun kana rarrafe. Amin.

Bayan haka, ba labarin gida zan ba ka ba. Kowa lafiya. Nasiha na zauna in yi maka, irin wadda uba ke yi wa ɗa in ya bar gida, kuma a kan aikinka zan yi ta, don yanzu na san shi ciki da waje. To, cikin dai da saura, amma wajen na san shi.

Ga dalili. Bayan tafiyarka pampon garinmu ya tsaya. Rana na dukan pano, faifan nan mai ba inji wuta, yadda ta saba, amma ko ɗigo ba ya hawa shato, wato tankin sama, akwatin nan na bango mai kula da injin ya kunna jar fitila ya yi gum. Mata sun koma tsohuwar rijiya mai zurfin nan da sai da jaki ake ja. Makiyaya sun jibge dabbobi a bakin kwamin shayarwa, su da dabbobin duk suna kallon ƙofar ɗakin pampo. An kira teknisiyen, mai gyaran nan na Damagaram, ya ce yana wani aiki can wajen Belbeji, in ya gama zai zo, bai ce yaushe ba. Na ce ai na sha ganin yadda kake yi. Ka zauna gaban kwamfuta, wadda ku 'yan lakwal masu karatun boko kuke ce wa ordinater, ka buɗe wani baƙin allo, ka ɗan ƙwanƙwasa, akwati ya amsa, ruwa ya taso. Me zai gagare ni? Na ɗauki makulli na shiga. Abin da ya same ni a ɗakin nan shi zan faɗa maka, don kada ya same ka can inda ba ka da kowa.

Da allo ya haska sai na tarar ka bar manhajoji uku na magana da akwati, jere kamar 'yan ɗaki ɗaya. Ka taɓa gaya wa ƙaninka Habu, yaron nan mai hankali da natsuwa wanda ba ka cika yaba masa ba, cewa duk ukun aikinsu ɗaya ne: abin da ka buga ya bi igiya ya tafi wurin akwati, abin da akwati ya ce ya biyo igiya ya dawo bisa allo. To in aikinsu ɗaya, don me uku? Har yau tambayar nan ba ta sake ni ba. Na duba na zaɓi wadda ta fi kyau, mai launi da maɓallai sama da ƙasa kamar gaban babbar mota. Na ce abin da ya sha ado haka ba zai rasa hankali ba. Tana buɗewa ta fara zubo lambobi da haruffa bibbiyu bibbiyu, layi bayan layi, ba gaisuwa ba bayani. Na jira ta gama ƙirga ta yi magana. Ba ta yi ba. Na taɓa wannan maɓalli, na taɓa wancan, sai ta ƙara sauri.

Ta biyun kuwa kafin ta bar ka ka shiga sai ta yi maka tambayoyi kamar ka zo bariyar jandarma ba takarda, kuma duk da Ingilishi. Ta ukun, wadda na raina don ba ta da komai sai baƙin fili da ɗan haske mai ƙyaftawa a kusurwa, ashe ita ce taka.

Saboda haka, Magaji, kada ka zaɓi manhaja don adonta. In akwati da kalmomi yake magana, ɗauki mai nuna kalmomi. Mai lambobin nan an ce tana da ranarta, in akwati ya koma yaren inji tsantsa, to ajiye ta gefe sai ranar ta zo. Nemi wadda ke riƙe abin da ka daidaita mata, kada kullum ku fara daga farko, wadda kuma ke iya ajiye hirarku don wani ya duba daga baya. Ka riƙe kwafinta a kile, ɗan abin ajiyan nan da ake soka wa kwamfuta, cikin aljihu, tunda can ba rezon wayar da za ka sauko da wata. Kuma don Allah in ka zaɓi ɗaya, kau da sauran daga idon mutane. Ba kowa ke da haƙurin mahaifinka ba.

Kuskurena na gaba wayata ce ta jawo shi. Ta mutu, ni kuma dattijo ne mai jama'a, ana nemana. Na duba bayan kwamfuta, na zare igiyar akwati na sa tawa ta ɗan sha wuta. Da na gama na mai da igiyar, amma a ramin da ke kusa, don duk ramukan kamarsu ɗaya. Na koma baƙin allo, na ba shi sunan ƙofar da magana ke bi zuwa akwati, wanda na gani tun farko, COM3. Ya ce babu ita. Na ce ƙofa ai ba ta tafiya. Na tashi na zagaya akwati ina neman inda aka rubuta uku, har ƙarƙashi na leƙa, ƙadangare kawai na tarar. Na yi gumi na ce shi ke nan, na kashe wa gari pampo saboda waya.

Allah ne ya taimake ni. Cikin jagwalgwalo na ga wurin da sunayen ƙofofi ke jere. Na zare igiya, wani suna ya ɓace. Na mayar, ya dawo. Ashe ta koma COM5. Mutum ya sauya rami, ƙofa ta sauya suna! Wanda ya tsara haka shi ya san dalilinsa, ni dai ban sani ba. Kai dai ka riƙe wannan: in ka rasa ƙofa, zare ka duba wanda ya tafi, mayar ka duba wanda ya dawo, shi ne naka. Ka ɗaura zare a igiyar, ka ɗiga fenti a bakin raminta. Kada kuma ka bar kowa ya sa waya a wurin, ko da mahaifinka ne.

Ko da na sami ƙofar, sai aka ce mini akwai mai ita. Wane ne, alhali ni kaɗai ne a ɗaki? Na waiwaya har sau biyu, na karanta abin da ya sawwaƙa. Daga baya na gano mai adon nan ce, ban rufe ta ba, ta laɓe a ƙasan allo ta riƙe ƙofa. Ƙofar nan mutum ɗaya take ɗauka. Rufe ɗaya kafin ka buɗe ɗaya.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni kunya. Ƙofa ta buɗe, akwati ya yi magana, amma da wane baki? Da'ira, ɗigo, gicciye, ƙugiya, wani kamar tsani, wani kamar kai da hula. Ba boko ba ne, ba ajami ba ne. Na ƙura ido, sai na ce kai, wannan ai rubutun Abzinawa ne, irin wanda suke zanawa da yatsa a ƙasa. Wataƙila akwatin ta Agadas ya biyo. Na fita da sauri bakin kwami na sami Agali, dattijon makiyayin nan mai farin raƙumi da ke sauka wajenmu kowace bazara. Na ce ya zo ya karanta mini saƙo, danginsa ne suka rubuto.

Ya shigo ya sunkuya, ya gyara rawani ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa bisa allo ya ce, “Wannan da'ira mai ɗigo a ciki tamu ce. Wannan gicciyen ma namu ne.”

Na ce, “Madalla! Me suka ce?”

Ya ce, “Ba su ce komai ba. Sauran duk ba na kowa ba ne. Kai yaro, wa ya ba ka makullin ɗakin nan?”

Kada ka damu da ya ce mini yaro. Ka san Agali, kowa yaro ne a wurinsa.

Na ce, “Sake dubawa dai, ko daga ƙasa ake farawa.”

Ya ce, “Na duba daga ƙasa, na duba daga dama, na duba daga hagu. Raƙumana ba karatu suka zo yi ba. In ruwa ba zai zo ba ka gaya mini gaskiya, in kora su Olelewa tun da sauran ƙarfi a ƙafarsu.”

Ni kuwa gaskiyar ma ban san ta ba.

Labari ya kai masallaci. Malam Isufu na makarantar allo ya zo da kansa, ya kalla ya ce ya yi kama da hatimi, amma wanda ya zana shi bai gama karatu ba. Ya tofa addu'a, ya ce a dai nemi masu abin. Ni ma da na yi allo a hannunsa, wato da na ga yara suna yi a hannunsa, na san hatimi ba ya gudu bisa allo haka.

Ashe sauri ne. Akwai wata lamba kusa da sunan ƙofa, ita ke faɗin saurin da za a yi magana. Manhaja ta tashi da 9600, akwati kuma ba da wannan yake tafiya ba. Kamar gardi ya saki tilawa da gudu, kai kuma kunnenka na jiran biyawar ƙananan yara, sai ka tsinci kan wata kalma da wutsiyar wata. Na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ba ni shiru, wata ta ƙaro rubutun dangin Agali. Ina sa 19200 sai ga haruffan boko tsaf, Faransanci kamar a takardar likita. Na yi kabbara har awaki suka watse a waje.

Nasihata a nan: in ka ga rubutun da ba na kowa ba, kada ka tara jama'a, duba sauri. Akwai wasu abubuwa uku kusa da shi, 8 da N da 1. Ban taɓa su ba don ban san ko su wane ne ba, kuma ga alama sun ji daɗin haka. Abin da ya fi, kai da ka san lambar, me ya hana ka rubuta ta a bango ko da gawayi ne? Ka ɗauke ta a ka ka tafi da ita Tenhiya kamar hula. A can kada ka yi musu haka. Rubuta sunan manhaja, rubuta ƙofa, rubuta sauri, dab da akwati inda ido zai gani.

Da Faransanci ya fito sai na aika aka kira Mushe Amadu, malamin lakwal. Mutumin kirki, ya bar abincinsa ya zo. Ya ce shi harshen ya sani, injin bai sani ba. Na ce ni kuma ban san ko ɗaya ba, mu haɗa. Ya karanta ya ce akwati na cewa ya tsai da injin ne don ya ji ruwa ya yi ƙasa a rijiya, yana jiran umarni.

Na fara bugawa. Ba abin da ya fito bisa allo. Na ƙara ƙarfi, shiru. Na ce ko kilabiye ne, farantin haruffan da nake bugawa, ya mutu. Na yi masa sallama, na buga sunanka ko zai ji kunya, daga ƙarshe raina ya ɓaci na ambaci kakan wanda ya ƙera shi. Mushe ya lalubo wani wuri da ake kunnawa don mutum ya ga abin da yake bugawa, ya ce sunansa eko. Muka kunna, haruffana suka bayyana. Sai dai in na danna Antire, maɓallin aika magana, akwati ba ya ko tari. Muka sake lalube. Ashe akwai alamar da ake rufe magana da ita, CR ko LF ko duka biyun, in ba ka aika wadda ya sani ba, shi a wurinsa ba ka gama ba, kamar mai salla da bai yi sallama ba, kowa na zaune yana jira. Muka sa duka biyun. Ina danna Antire sai duk abin da na tara masa ya isa gare shi lokaci ɗaya, da sallamar da sunanka da maganar kakansa. Ya amsa da haruffa uku, ERR. Mushe ya ce yana nufin bai gane ba. Na ce alhamdu lillahi.

Ka ji ko? Rashin ganin abin da ka buga ba ya nufin bai tafi ba. Kada ka buga wa inji abin da ba za ka iya faɗa gaban surukinka ba.

To ga inda muka tsaya, kuma ka natsu ka karanta wannan da kyau. Mushe ya ce a gwada alamar tambaya. Muka buga, akwati ya jero umarnin da yake ji. Na tuna yatsanka kullum daga R yake farawa. Muka duba, masu R biyu ne. Na zaɓi gajeren, don na san ka da son sauƙi. Maimakon ruwa ya taso sai akwati ya yi mini tambaya, ya sa O da N a ƙarshe, ɗan hasken nan ya tsaya gabansu yana ƙyaftawa.

Mushe ya ce, “Cewa yake, in mai da komai yadda yake ranar da na fito daga inda aka ƙera ni? O i ne, N a'a ne.”

Gwaggo Zuwaira mai tsaron robine, inda ake ɗibar ruwa, tana bakin ƙofa da bidon ɗin ruwa a hannu. Ta ce, “Yo ai sabo ya fi! Da yana sabo ya taɓa tsayawa? Danna i mu sha ruwa, ko in shigo in ja kunnen nan naka.”

Ni, da furfurata. Ka ga yadda ƙishirwa ke sa mutane su manta girma.

Mushe ya ce, “Gwaggo, a yi hankali. Ranar da aka kafa shi na ga masu aikin sun daɗe suna gaya masa zurfin rijiyarmu da ƙarfin injinmu. In ya manta, wa zai sake gaya masa?”

Ta ce, “To a danna a'a.”

Ya ce, “Sai mu koma jar fitila.”

Ta ce, “I ba ruwa, a'a ba ruwa, to karatun me kuka yi?”

Sai Agali ya matso daga baya. Ya ce shi in ya zo mararraba a daji bai san hanya ba, ba ya bin wadda ta fi faɗi, durƙusar da raƙumi yake ya jira mai wucewa. Ya ce zai ƙara haƙuri kaɗan, amma masu ciki a garkensa ba za su daɗe ba.

Yatsana ya kai kan O ya dawo, ya kai kan N ya dawo. In na ce a'a, ɗayan R ɗin ne naka, ko shi ma wata tambayar zai yi mini da ta fi wannan? In na ce i, gyara na yi ko kisa? Kwamiti ya rabu biyu, kowa na da hujja, kuma duk wanda ya yi magana sai in ji shi ne da gaskiya. Daga ƙarshe na kife ƙwarya bisa kilabiye, na kulle ɗaki, na sa makulli a wuya. Tambayar tana nan bisa allo yadda ya yi ta.

Wannan ita ce babbar nasihata, Magaji, kuma ita kaɗai ce ban yi kuskure a kanta ba tukuna: in inji ya tambaye ka abin da ba ka gane ba, kada ka amsa don mutane na kallonka. Ɗauke hannu. Sannan tun yau ka zaunar da wani a can kusa da kai, ka bar shi ya buga da yatsansa kana gani, ko da bai yi lakwal ba, ko da yana da surutu. Nan da ka yi haka da ƙaninka, da yanzu ana wanka.

Allah ya tsare ka a zaune da tafe, ya sa ruwan Tenhiya ya yi albarka a hannunka, ya kare ka daga kuskuren yatsa da na baki, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya shayar da mu da dabbobinmu. Amin summa amin.

Mahaifinka, Alhaji.

Kai, ba zan iya ba. Yaya Lawali, ni ne, Habu. Na san ka gane tun wajen yaron nan mai hankali da natsuwa. Baba da ko sunanka ba ya kira sai dai Magaji, don kunyar ɗan fari, shi ne zai cika maka takarda haka? Kuma da boko? Na ari sunansa ne don na san in ka ga nawa a bayan ambulan za ka ce wani shirmen ne, ka tura aljihu sai bayan salla. Da gaskiyarka, tun ranar da na yi maka ƙarya na ce ana nemanka a ofishin perefe, babban gwamnati, ka sa babbar riga ka tafi Tanut ba ka sake buɗe saƙona ba. Na kira wayarka har na gaji, ba rezo a dajinku.

Amma wallahi banda sunan Baba da furfura, duk abin da ke cikin takardar nan gaskiya ne. Pampo a tsaye yake, raƙuman Agali na kwance bakin kwami, ƙwarya na kife, makulli na wuyana, kuma tsoro nake ji.

Baba ya ce kada a dame ka, ka tafi aikin mutane. Da na ce zan rubuta maka bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya dai juya kai gefe ya tambayi Inna ko mai motar Tenhiya ya riga ya wuce.

Bai wuce ba, ga shi nan yana yi mini oda. Zai juyo da zarar ya sauke kaya. Ba sai ka gaishe ni ba, ba sai ka yafe mini babbar riga ba. Rubuta O ko N, da kalmar da kake bugawa bayanta. In ba takarda kusa, rubuta a hannun direba, na roƙe shi kada ya wanke.

Ƙaninka,
Habu